Manhajar hearWHO: me take ganowa a kunne, me kuma yake wuce ta?

Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta fitar da hearWHO, manhajar gwajin ji, a watan Maris na 2019, daidai da Ranar Ji ta Duniya da ake yi kowace 3 ga Maris. Kyauta ce, ana samunta a wayoyin Android da iPhone. Dabarar da aka gina ta a kai ta fito ne daga binciken jami'a: Cas Smits ya fara ta a Amsterdam ta wayar tarho, sannan Farfesa De Wet Swanepoel na Jami'ar Pretoria da abokan aikinsa suka mayar da ita ta wayar hannu.

Aikinta ba wuya. Za ka sa iyafis a kunnuwa biyu, ka daidaita ƙara yadda take maka daɗi, sai a riƙa faɗo maka lambobi uku-uku a cikin wani shuu mai kama da na rediyon da ta saki tasha. Kai kuma ka danna abin da ka ji. Sau 23 ake yi. In ka dace, na gaba zai ƙara nutsewa cikin hayaniyar. In ka kuskure, a ɗan sassauta. Saboda haka dole ne a kai inda za ka daina ji sosai, kuma ana so ka yi hasashe ka danna. Mutane da yawa a nan suke tsorata su ɗauka sun kurumce, alhali haka aka tsara gwajin. A ƙarshe sai maki: sama da 75 ji lafiya lau, 50 zuwa 75 a riƙa maimaita gwaji, ƙasa da 50 a nemi asibiti.

Abin yabawa shi ne irin matsalar da take farauta. Mai raunin ji na tsufa ko na ƙarar inji ba ya cewa ba ya ji. Cewa yake yi, "Ina jin magana, fahimta ce ba na yi in akwai jama'a." Ƙwayoyin cikin kunne masu ɗaukar siririn sauti su ne suke fara lalacewa, sai baƙaƙe irin su s da f da sh su ɓace a cikin surutu. Masu injin niƙa, masu walda da masu zama kusa da janareta, wannan gwaji nasu ne.

Sai dai akwai inda ake samun maki na ƙarya. Dole iyafis ɗin ya kasance ɓangarorinsa biyu suna aiki, domin manhajar tana tura lambobin ne ta yadda sai kunnuwa biyu sun haɗa ƙarfi kafin a tsamo su. Iyafis ɗin da gefensa ɗaya ya mutu zai kayar da mai lafiyayyen kunne. Haka ma yin gwaji da fanka ko a bakin titi. Babu kuma Hausa a cikin harsunanta. Wanda ya saba karanta lambar waya da Turanci ba zai sha wahala ba, amma dattijuwar da ba ta saba ba za ta faɗi ne don harshe, ba don kunne ba. Ba a yi ta don yara ba.

Babban giɓinta shi ne ba ta faɗin dalili, ba ta ma cewa wane kunne ne. Dauɗar da ta toshe hanya, dodon kunnen da ya huje yana zubar da mugunya, da lalacewar jijiya, duk maki kaɗan za su nuna, alhali na farko ana cire shi cikin mintuna, na ƙarshe kuwa sai na'urar taimakon ji. Rarrabewar sai an leƙa kunne da fitila, a auna motsin dodon kunne, a kuma gwada kowane kunne daban a ɗaki mai shiru, daga sauti mai kauri na 250 Hz zuwa siriri na 8000 Hz. Ana yin wannan a Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna da sassan kunne, hanci da maƙogwaro na asibitocin koyarwa. Kada makin waya ya sa a sayi abin ƙara sauti na kasuwa, domin shi komai yake ɗagawa har da hayaniyar. Wanda kuma jinsa ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, ya bar manhaja ya tafi asibiti a ranar, don maganin ya fi aiki a kwanakin farko.