Situdiyon da ya sakaya mini muryoyin mafarauta

A Tudun Wada akwai wani ƙaramin situdiyo a saman shagunan ɗinki, yawancin aikinsa tace bidiyon biki ne da sautin wa'azi. Ba zan kama sunansa ba, don ina da ƙorafi a kansa, kuma waɗanda na kai muryoyinsu can ba sa son a bi sawunsu.

Ni malamin ilimin halittu ne a sakandare. Lokacin hutu nakan zauna da tsofaffin mafarauta ina naɗar labarin wata halitta da wasunsu ke rantsuwa sun gani a kurmi: ta fi gwaggon biri girma, jikinta duk gashi, tana tafiya da ƙafa biyu. Ban ce tana nan ba. Na san yadda irin wannan ya ƙare a wasu wurare. Sawun da ya fito da sunan Bigfoot, wata halitta irin wannan da ake cewa tana dazukan Amurka, a Kalifoniya a 1958, iyalan Ray Wallace sun ce a 2002 shi ya buga shi da ƙafafun katako. Gashin da ake zaton na Bigfoot ne da aka kai wa hukumar binciken Amurka ta FBI, da suka saki takardunsa a 2019, na dangin barewa ne. Samfura tara da ake cewa na Yeti ne, takwaran Bigfoot na tsaunukan Himalaya, binciken ƙwayar halitta na 2017 ya nuna takwas na beyar ne, ɗaya na kare. Sai dai kuma a nan Najeriya muna da gorilar Kuros Riba, da ake ƙiyasin ba su wuce 300 ba, kuma sai da kyamarorin da aka ɗaura a bishiya suka kama su da jariransu a tsaunukan Mbe a 2020 mutane da yawa suka san da zamansu. Shi ya sa ba na raina maganar mutumin da ya tsufa a daji.

Masu wannan bincike a Amurka suna sakaya sunan shaida ne don kada a mai da shi abin dariya a wurin aiki. Namu ya wuce dariya. Mafaraucin da ya fito daga yankin Birnin Gwari ya ce a daren kaza yana kusa da dajin Kamuku, ya jawo wa kansa tambaya daga ɓangare biyu: 'yan bindiga su ce infoma ne, jami'an tsaro su ce me ya kai shi. Mai situdiyon nan ya gane haka kafin in gama bayani, kuma wannan ne abin da ya sa nake yaba masa.

Abin da na je nema shi ne a kaurara muryoyin, a dusashe fuskokin. Ya ce in dai haka ne gara in riƙe kuɗina. A gabana ya kaurara muryar wani Baba, sannan ya mai da ita daidai yadda take da Audacity, manhajar da kowa zai sauke kyauta. Ya ƙara da cewa ko ba a mayar ba, mutumin ƙauyensu zai gane shi daga karin harshensa, da tarinsa, da yadda yake jan "ka ji ko" a ƙarshen kowace magana. Shawararsa ita ce a rubuta maganar kalma bayan kalma, wani dabam ya karanta. Ya kawo wani dattijo da ya saba wasan kwaikwayo na rediyo, ya karanta ba tare da ƙarin gishiri ba. An yi asara, gaskiya. Rawar da muryar Baba ke yi in ya zo wurin da abin ya juyo ya dube shi, babu mai iya aro ta. Na haƙura da ita.

Fuska kuwa bai dusashe ba, cire hoton ya yi gaba ɗaya, saboda tsagar kumatu da zobe da wata tsamiya da ke bayan mutum duk suna tona asiri. Hoton sawun da wani ya ɗauka da waya, ya nuna mini cewa cikin fayil ɗin akwai ainihin wurin da aka ɗauka ta GPS, ya goge. Sunayen rafuka da ƙauyuka ya yanke su. Wannan ma yana rage wa bincike ƙarfi, tunda shaidar da ba a san inda ta faru ba babu mai iya zuwa ya duba, don haka na asalin suna gida a kulle.

Ga ƙorafina. Kwamfutar da ya yi wannan aiki a kai ita ce yaransa ke tace bidiyon amare, kowa na cusa filashinsa, kuma na iske fayil ɗina a fili ɗauke da sunan garin. Mutumin da ya san haɗarin tsamiya a hoto bai kamata ya yi wannan sakaci ba, balle ga dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Babu wata takardar yarjejeniya. In an ɗauke wuta, janareta na aikin biki ne tukuna, nawa ya jira. Kuɗinsa da minti yake yi, bai kai na ɗaukar biki ba, amma ladan mai karatu dabam ne, kuma sai a ƙarshe ya faɗa mini.

Zan sake kai masa aiki, amma da kwamfutata zan je, fayilolin da lamba maimakon suna, in zauna kusa da shi har ya gama.