Littattafan girkin zama da abokai: wanne ya kamata ka saya?

Akwai rukunin littattafan girki da ya yawaita a kasuwa, wanda marubutansa ke haɗa abinci da salon rayuwa: teburi a inuwa, abokai suna miƙa wa juna faranti, da girkin da aka ce ba ya cin lokaci. Manufar tana da kyau, domin cin abinci tare yana cikin abubuwan da ke riƙe zumunci, sai dai littattafan sun bambanta ƙwarai, kuma sau da yawa mai saye ba ya gane haka sai ya riga ya biya kuɗinsa. Tambayar da ta kamata ya yi kafin ya zaɓa ita ce, shin littafin zai bar shi ya zauna da baƙinsa, ko kuwa zai tsare shi a bakin murhu har hira ta watse?

Wanda ya fi jan ido shi ne littafin hotuna da labari, mai kaurin bango da takarda mai sheƙi. Yana sa mutum sha'awar gayyatar jama'a, yana koya masa jera abinci, kuma ya dace da kyauta. Rauninsa shi ne hotuna kan cinye shafuka, a taƙaita bayanin girkin har mai koyo ya rasa inda zai dafa. A tuna kuma cewa ƙwararru ne ke shirya waɗannan hotuna da haske na musamman, don haka ba su ne shaidar cewa girkin zai yi daɗi ba. Kafin ka saya, buɗe tsakiyarsa ka ƙirga girke-girken da za ka iya yi da kayan da ke hannunka. Idan ba su kai goma ba, kayan ado ne za ka kai gida.

A ganina wanda ya fi amfani ga mai karɓar baƙi shi ne littafin da ke tsara cimar zama guda gaba ɗaya, daga abin buɗe baki zuwa babban abinci da abin sha. Marubucin da ya san aikinsa zai faɗa maka abin da za a haɗa tun jiya a sa a firji, da wanda za a yanka da safe, da ɗan abin da ya rage a yi bayan baƙi sun iso. Zai kuma lura kada abinci biyu su buƙaci obin (murhun gashi) a lokaci guda alhali zafin da kowanne ke so daban ne, matsalar da littafin da ya jera girke-girke ɗai-ɗai ba ya ma hango ta. Wannan tsarin lokaci shi ne ainihin abin da kake saye. Inda irin wannan littafi ke gazawa shi ne idan ya ƙanƙame tsarinsa, ta yadda rashin kayan haɗi ɗaya zai rushe cimar duka, saboda haka a nemi wanda ke ba da madadi. Idan kuma an tsara shi bisa lokutan shekara, a duba ƙasar marubucin, domin watan Disamba hunturu ne a Ingila, amma lokacin zafi ne a Ostireliya.

Littafin tukunya ɗaya ko tire ɗaya ya dace da mai ƙaramin kicin da wanda ke dawowa daga aiki a gajiye, kuma yana rage wanke-wanke, ko da yake ɗanɗanon girke-girkensa kan yi kama da juna. Littafin mashahurin kuku na gidan abinci kuwa, ko an rubuta masa "mai sauƙi" a bango, galibi an gina shi ne kan ma'aikata da na'urorin da babu su a gida.

Batun awo yana ɓata girki fiye da yadda ake zato. Kofin awo na Amurka kusan mililita 240 ne, na Ostireliya 250, babban cokalin awo a yawancin ƙasashe mililita 15 ne, amma a Ostireliya 20 ne. Kofin fulawa ɗaya na iya kaiwa daga giram 120 zuwa sama da 140 gwargwadon yadda aka danna ta, shi ya sa littafin da ke ba da awo da giram ya fi aminci ga mai sikeli. Haka zafin obin: digiri 350 a ma'aunin Faranhait kusan 180 ne a Selshiyos, obin mai fanka kuma ana rage masa kimanin digiri 20. Littafin da ya kawo ma'aunan biyu ya nuna an yi tunanin mai karatu.

Duba kuma ko mutum nawa aka auna wa girkin. Da yawa na mutum huɗu zuwa shida ne, ninka shi kuma ba lissafi kaɗai ba ne, domin nama ko kayan lambu da aka cunkusa a tire suna sakin ruwa su dahu a tururi maimakon su gasu. Tunda abincin taro yana daɗewa a teburi, littafin kirki zai tunatar da kai shawarar hukumomin lafiyar abinci na Amurka cewa kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a waje, ko awa 1 idan zafin wurin ya haura digiri 32 na Selshiyos.

Sauran abin dubawa jikin littafin ne. Wanda aka ɗinke da zare yana kwanciya a buɗe kuma ya fi na gam daɗewa, fihirisar da aka jera bisa kayan haɗi tana saurin kai ka ga abin da kake nema. Littafin da ake karantawa a waya ya fi sauƙin bincike, amma allonsa kan mutu daidai lokacin da hannu ya jiƙe da mai. Idan akwai hali, ari littafin ko ka nemi girke-girken da mawallafa kan saki kyauta a intanet, ka gwada biyu a ranar da babu baƙi, ka kwatanta lokacin da suka ci da wanda marubucin ya rubuta kafin ka fitar da kuɗi.