Hayar gida a Fagge: abin da na gani cikin shekara biyu

A watan Janairun 2024 na kwashe iyalina daga Mariri muka dawo Fagge, a cikin Kano. Yanzu da na biya kuɗin shekara ta uku, ina ganin na isa in faɗi abin da na sani game da zaman haya a unguwar, musamman don abokan aiki a Kantin Kwari da ke yawan tambayata ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu.

Kuɗin mota ne ya taso ni. Lissafi nake riƙe wa wani shagon atamfa da leshi a Kwari, kwana shida a mako. Kafin ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, a ƙarshen 2024 kuma ta wuce dubu. Achaba dai tun Janairun 2013 aka hana ta ɗaukar fasinja a cikin Kano, don haka adaidaita sahu ce abin hawanmu, ita kuwa da mai take tafiya. Daga Mariri hawa biyu nake yi kafin in iso kasuwa, biyu in koma. Wata rana na zauna na buga a littafin shago: zuwa da dawowa kaɗai suna cin kusan naira 1,500 a rana, a shekara abin ya doshi dubu 470. Gidan da nake ciki a can dubu 350 nake biya. Ashe abin da nake zuba wa titin Maiduguri ya fi abin da nake ba mai gida.

Neman gida a Fagge sai da haƙuri. Wata biyu ina yawo da dillalai, kowanne sai ka ba shi na ganin gida kafin ya ɗaga ƙafa. An nuna mini wani ɗaki da falo da taga ɗaya tal, ita ma bangon maƙwabci take kallo. An nuna mini wani da ya yi mini, kafin in haɗa kuɗi wani ɗan kasuwa ya biya shekara biyu ya mayar da shi sito. A ƙarshe wani dattijo da muke sallar azahar tare ya haɗa ni da wata Hajiya mai gidan bene a wani lungu, ciki biyu da falo a sama, da kicin da banɗaki. Dubu 750 a shekara, a biya gaba ɗaya, ga la'adar dillali kashi 10 cikin 100 a kai, don ko a nan ma sai da dillali ya shigo. Hajiya ba ta fara da maganar kuɗi ba. Ta tambayi sunan mahaifina, da garinmu, da wanda ya san ni a kasuwa, sannan ta ce, "Ɗana, ni a ƙasa nake, kai a sama. In ka ji tarina da dare ya yi yawa, ka leƙo." Na ce, "In sha Allahu, Hajiya." Takardar yarjejeniya shafi ɗaya ce, shaidu biyu suka sa hannu.

Abin da na saya da wannan ƙarin dubu 400 shi ne tafiyar ƙasa. Daga ƙofar gida zuwa shago minti takwas ne in ban tsaya gaisuwa ba, kuma da wuya in ƙi tsayawa. Ƙarfe takwas saura nake fitowa. A bakin lungu akwai mai ƙosai da ta san adadin da yarana ke ci ba sai an faɗa mata ba. Gaba kaɗan teloli sun fara ɗaga ƙofofi, wani yaro yana share ƙyallayen jiya daga bakin shago, ana jin keken surfani na farko ya fara ruri. Kafin in ɓulla babban titi na fara cin karo da 'yan dako, kowanne ya ɗora dila uku ko huɗu a kan kura, ya sunkuyar da kai yana "hanya, hanya", gumi ya riga ya jiƙa masa baya tun rana ba ta ɗaga ba. Da can duk wannan ta gefen adaidaita nake hango shi, a gajiye, ina duba agogo. Yanzu mutanen nan sun san fuskata, ni ma na san tasu.

Da rana gida nake komawa in ci abinci. Wanda bai yi shekara bakwai yana cin shinkafar leda a tsaye ba, ba lallai ya gane girman wannan ba. Ina iske yara sun dawo daga boko suna shirin Islamiyya, in duba allon ƙaramin, in ɗan kishingiɗa minti goma, in koma kasuwa kafin la'asar. A Mariri ina fita suna barci, ina dawowa suna gyangyaɗi. Babban ɗana sai da muka dawo nan na gane cewa karatun Turanci yana ba shi wuya, don a lokacin ne na fara zama da shi da ido buɗe.

Kusan duk abin da gida ke bukata ƙafa tana kai ka. Kayan masarufi na sari, Singa. Kayan miya da kwanuka da duk wani tarkace, Kasuwar Sabon Gari. Takalman yara da robobi, Ƙofar Wambai. In wani ɗan uwa ya aiko da riyal ko sefa, ga 'yan canji a Wapa. Juma'a a babban masallacin Fagge muke yi, ba ruwanmu da neman wurin ajiye mota. Ranar Idi kuwa, ni da yara muka bi ayarin mutane a ƙasa har filin Idi na Ƙofar Mata, muka dawo kafin tuwon sallah ya huce. A can gefen ne filin wasa na Sani Abacha yake, kuma sau uku na kai babban ya kalli Kano Pillars ba tare da na kashe ko sisi a mota ba. Daren da zazzaɓi ya rufe 'yar autarmu, a kafaɗa na saɓa ta, mai ɗakina tana biye da fitilar waya, muka isa asibiti cikin kwata na awa. A Mariri da sai na buga ƙofar maƙwabci mai mota.

Ba mamaki unguwar ta zama haka. Tun zamanin fatake, a wajen ganuwa take, nan ayarin Abzinawa ke sauke raƙuma da kayansu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, tasharsa ba nisa, 'yan kasuwar Siriya da Lebanon suka buɗe kantunan yadi a gefen, wurin da ya zama Kantin Kwari. Unguwa ce da aka gina ta don baƙo ya sauka kusa da ciniki, tun ba a san mota ba. Har gobe in ka zauna a teburin mai shayi da dare za ka ji Hausar Damagaram da ta Maraɗi, da Barbarci, da Larabcin Chadi, wani lokaci a benci ɗaya.

Sai dai kada wani ya ji na ce ana zuwa ko'ina a ƙasa ya ɗauka tafiyar tana da daɗi. Gefen titin da aka yi don masu tafiya, a Ibrahim Taiwo da titin IBB, masu tebur da masu baro sun mamaye mafi yawansa, ragowar kuma adaidaita ta faka. A kan kwalta kake tafiya, kafaɗa da kafaɗa da mota. Ni babba na saba, amma har yau ban yarda yarana su tsallaka babban titi su kaɗai ba, kuma Hajiya ta daina zuwa gaisuwa ƙetaren titi sai an riƙe mata hannu. Abin yana ci mini rai, domin dubban mutanen da ke cika kasuwannin nan kullum da ƙafa suke shiga, amma duk wani babban aiki da na gani an yi a yankin, gada ce ta mota. Doguwar gadar sama da ke bin titin Murtala Muhammad ta sauƙaƙa wa mai mota, mai ɗauke da buhu a ka kuwa yana nan yadda yake. Bayan isha'i kuma akwai lungunan da ba na fito da waya a cikinsu, kamar yadda kowa a Kano ya koya.

Ruwa sai na 'yan ga-ruwa. Famfon gidan ado ne kawai, sau ƙalilan na ga ya kawo. Kura ɗaya mai jarka goma sha biyu tana yi mana kwana biyu, kuma da yake a sama muke, kowace jarka da ƙarin kuɗin hawa bene. Duk mai lissafin dawowa nan ya sa wannan a ciki, don ni ban sa ba. Wuta kuma da farko mita ɗaya muke da shagunan teloli biyu da ke ƙasa, ana raba kuɗi daidai, alhali su dutsen guga ba ya mutuwa a wurinsu. Wata huɗu na daure, sannan na nemi izinin Hajiya na sa mita mai kati tawa, zumunci ya dawo. Hayaniya ma a san da ita. Goman ƙarshe na azumi teloli ba sa barci, janareta da kekuna har asuba. Jiragen da ke sauka a filin Malam Aminu Kano ma ana jin su, amma su kunne yana sabawa da su cikin mako guda. A watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, gidajen da ke manne da juna ba sa barin iska ta ratsa, sai mu kwashi katifu mu hau rufin bene.

Damina ce ta fi ba ni tsoro. Na ga gidan a watan Disamba, komai a bushe. A Agustan farko, wani dare ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Na leƙa ta taga na ga lungun ya zama rafi, leda da robobin ruwa suna iyo, kwata ta toshe ta dawo da abin da ke cikinta. Na tuna maganar Hajiya, na sauka da gudu. Ruwa ya kai mata idon sawu a ɗaki, tana zaune a bakin gado ta ɗora Alƙur'aninta da takardun gida a cinya. Ni da telolin muka yi ta kwarfa da bokiti har ƙarfe uku. Ni da na ga yadda ambaliyar Agustan 2022 ta shiga shagunan Kwari ta lalata diloli, bai kamata in manta da tambayar ina ruwan lungun yake bi ba. Wanda zai kama gida a nan ya duba gindin bango, in ya ga tabon ruwa ko sabon fenti iya gwiwa kaɗai, ya tambayi maƙwabta, kada ya tambayi dillali. In kusa da Kwarin Gogau ne, inda ruwan unguwar ke bi, ya ƙara tambaya.

Da za a ce in ba da maki, zan ba unguwar huɗu cikin biyar, gidan kansa uku. Ta dace da wanda abincinsa ke cikin kasuwannin nan ko ofisoshin da ke kewaye, wanda zai iya biyan shekara a dunƙule. Mai mota biyu, ko mai son tsakar gida inda yara za su yi guje-guje, ko wanda barcinsa ba shi da nauyi, zai sha wuya. Ni a lissafina, in aka haɗa kuɗin ruwa da ƙarin haya, kusan kunnen doki ne da zaman Mariri. Awa uku da nake ɓatawa a hanya kullum a da su ne ribar, kuma ba zan mayar da su ba in ina da zaɓi.

Zaɓin ne ban san ko zai daɗe a hannuna ba. Kasuwa tana cin unguwar gida bayan gida. A lungunmu kaɗai, cikin shekara biyun nan, gidaje uku aka rushe, biyu sun zama filaza, ɗaya sito. Iyalan da ke ciki, waɗanda aka haifi kakanninsu a nan, sun raba gado sun koma Rijiyar Zaki da Jaba, yanzu su ne ke hawa adaidaita biyu su zo gaida dangi. Gidan da ya zama sito da dare duhu ne, ba fitila, ba mai zama a ƙofa, kuma tun da aka yi shi mai ɗakina ba ta bi ta wannan ɓangaren bayan magariba. Bana Hajiya ta ƙara mini dubu 150, ta kuma yi alkawarin ɗaga dokin ƙofa kafin damina. Ranar da na kai mata kuɗin na tarar da dillalai biyu a zaure, na ji ɗaya yana cewa, "Hajiya, wannan tayin ba zai sake zuwa ba." Ta ce su gaida gida. Da suka fita ta ƙirga kuɗin, ta sa a ƙarƙashin filo, ta ce da ni, "Ɗana, muddin ina numfashi kana nan. Bayan ni kuwa, 'ya'yana tara ne."