Suwic ɗin PoE mai rami takwas: wata biyar ina aiki da shi

Na sayo wannan suwic, wato akwatin da ke haɗa na'urori ta kebul, don kyamarori shida da na ɗaura wa yayana a ɗakin ajiyar kayansa. Irin na PoE ne, wato kebul ɗaya ke kai wa kyamara wuta ya kuma dawo da hoto, babu jan wata waya daban. Kwalin ya ce yana bin ƙa'idar 802.3af ta 2003 mai ba da wat 15.4 a kowane rami, da 802.3at ta 2009 mai kai wa wat 30. Ga araha. Ban tsaya dogon tunani ba.

Haɗawa ba ta ba ni wahala ba, ba shi da fanka balle ƙara, kuma da rana hoto tas. Da dare ne lamarin ke ɓaci. Da zarar fitilun ganin duhu sun kama, kyamarori biyu na can ƙarshen gini sai hotonsu ya riƙa daskarewa, alhali wutar ba ta ɗauke ba. Yaya ya kira ni ya fi a ƙirga: "Kai, abin nan naka yana barci kafin mai gadi."

Sai da na buɗe murfin na fara gane bakin zaren. Bayan kowane rami akwai ɗan taransifoma, ɗan zobe ne da aka naɗe da siririyar waya, duka bai kai ƙwayar wake ba. Wutar, wajen bolt 48, tana shiga ta tsakiyar naɗin, ta rabu biyu ta bi tagwayen wayoyin kebul. In rabon ya zo daidai, maganaɗisun ɓangarorin biyu na kashe juna, zoben bai ma san an yi ba. Amma in waya ɗaya ta fi 'yar uwarta tauri ga lantarki, rarar sai ta taru a zoben har ya ƙoshi, indaktans ɗinsa, wato ƙarfin maganaɗisun da yake iya riƙewa, ya faɗi, siginar ta lalace. Shi ya sa ƙa'idar 100BASE-TX, ta aika bayanai ta irin wannan kebul, ta nemi indaktans na mikrohenri 350 ko sama, kuma a auna shi ana ratsa miliamfiya 8 ta cikinsa. Bambancin taurin da aka yarda da shi tsakanin tagwayen wayoyi kashi 3 ne kacal cikin ɗari. Da dare kyamara ta fi jan wuta, rarar ta ƙaru. Zafin Afrilu ƙarƙashin kwano kuma na sa zoben saurin ƙoshi.

Rabin laifin nawa ne, ba zan ɓoye ba. Kebul ɗin da na ja alminiyam ne da aka shafa wa jan ƙarfe, ga kai ɗaya da ban matse da kyau ba. Na canza zuwa kebul samfurin Cat6 na jan ƙarfe zalla, kyamara ɗaya ta warke nan take. Ɗayar, mai nisan kusan mita 85, ta ƙi, duk da ba ta kai iyakar mita 100 ba. Na ciro taransifoman ramin na kai wa wani abokina mai gyaran inbata. Haka nan ziƙau awonsa lafiya lau, amma da ya ratsa masa 'yar wuta sai ya zube ƙasa da 350. Na nemi takardar bayaninsa a intanet da lambar da ke jikinsa, ko alama.

Na mayar da waccan kyamarar kan wani injekta daban, wato na'urar da ke zuba wuta a kebul ita kaɗai, tun daga ranar ba ta sake tsayawa ba. Sauran biyar suna nan kan suwic ɗin, ba su taɓa ba ni kunya ba. Ga shago ko gida mai gajeren kebul da ƙananan kyamarori, zan iya sake sayensa. Kyamara mai juyawa kuwa, ko kebul da ya haura mita 60, ba zan ɗora masa ba, ko me kwalin ya rubuta.