Sharhi kan ruwan kurkure bakin da na saya saboda gyambon baki

Shekara 11 ke nan ina sayar da tattasai da attaruhu a kasuwar Mile 12 da ke Legas, amma a watan jiya na yi kwana huɗu cur ko ɗigon miya mai yaji ban iya kaiwa bakina ba. Wani ɗan gyambo ne da bai kai ƙwayar wake ba, tsakiyarsa fari, gefensa ja, ya zauna a cikin leɓena na ƙasa. Washegari ƙanensa ya fito a gefen harshe. Mu kuwa a kasuwa baki ne jari. Mai saye na tambayar nawa kwando, ni ina ba ta amsa da yatsu.

Ba yau ya fara ba, kusan duk bayan wata biyu sai ya leƙo ni. Ruwan ɗumi da gishiri na yi, yana wanke wajen kuma ba ya cin kuɗi, har yanzu ban raina shi ba. Kawuna da ke Zangon Agege ya ce, "Kai ɗan nan, ka bar bagaruwa kana neman me?" Na dafa na kurkure, bakin ya ɗaure da bauri, zafin ya ɗan lafa. Kanumfari ma yana kashe raɗaɗin na 'yan mintoci. Wanda ba zan yafe wa kaina ba shi ne shawarar wani maƙwabcin rumfa, wai in ɗora ƙwayar asfirin a kan gyambon. Ƙona fatar ta yi, wajen ya yi fari fat ya ƙara faɗi. Don Allah kada wanda ya gwada.

Daga nan na shiga wani kyamis a Ketu. Matar da ke wurin ta ce, "Alhaji, buɗe in gani." Ta duba, ta ɗauko kwalba mai mililita 300 ta ruwan kurkure baki mai sinadarin kulohezidin (chlorhexidine), kashi 0.2 cikin ɗari. Akwai mai barasa a ciki, akwai marar barasa. Na ce ta ba ni marar barasa, na kuma juya kwalbar na ga lambar NAFDAC kafin na biya. Ta ce mililita 10, wato cikin murfin awon, in wuwwurga shi a baki na minti ɗaya, safe da dare, in tofar, kada in haɗiye. Ta ƙara da cewa kada in haɗa shi da man goge baki a lokaci guda, in bari kamar rabin awa, don man yana rage masa ƙarfi.

Ranar farko dai sai da na riƙe bango. Yana taɓa gyambon ya yi zugi, sannan ya bar ɗaci a harshe wanda ya kai ni har hantsi. Shayin mai shayinmu da na saba da shi ya koma kamar ruwan zafi kawai, burodin Agege kuma kamar ina tauna katifa. Wanda ke neman abin da zai kashe masa zafi nan take, wannan ba nasa ba ne, man shafawa ake sayarwa don wannan aikin. Shi ruwan, aikinsa kashe ƙwayoyin cuta, don kada gyambon ya ruɓe ya daɗe. Inda na fi jin daɗinsa shi ne tsabta: kwanakin da burushi ko asuwaki ba sa iya zuwa kusa da wajen, bakin bai yi wari ba. A kwana na uku na ci tuwo da miyar kuɓewa ba yaji, a na takwas wajen ya rufe.

Sai dai ba zan ɗora masa rawanin da ba nasa ba. Irin wannan gyambo, ko ba a yi masa komai ba, yakan warke cikin mako ɗaya zuwa biyu. Abin da zan iya rantsuwa a kai shi ne wannan karon bai kumbura ba, bai kuma kai ni mako biyu ba kamar na baya.

Ga inda na yi wauta. Da na ga ya yi aiki, sai na ci gaba da shi har kwalbar ta kusa ƙarewa, ina shan shayina, ina cin gorona. Wata safiya maiɗakina ta kalle ni ta ce, "Baban yara, me ya sami haƙoranka?" Na duba madubi, tsakanin haƙora ya yi ruwan ƙasa, bayan harshe ma ya yi duhu. Ashe a rubuce yake a jikin takardar, ni ne ban karanta ba: yana rina haƙora, musamman ga mai shan shayi da kofi. Ba dindindin ba ne, amma burushi bai fitar da shi duka ba, sai da na je wajen likitan haƙori ya wanke.

Zuwan nan ya fi kwalbar amfani. Likitan ya sa yatsa ya taɓo wani turmin haƙori da ya ɓalle tun tuni, bakinsa da kaifi kamar fasasshen kwalba, shi ke yankar gefen harshena duk lokacin da na yi tauna. Ya goge kaifin cikin 'yan mintoci. Ya tambaye ni barci, na yi dariya. Motocin kaya daga Kano da Jos da tsakar dare suke sauka, wa ya ga barci? Ya ce rashin barci da damuwa suna tayar da gyambon, haka cizon kumatu, burushi mai tauri, da ƙarancin ayon (sinadarin ƙarfe), folik asid ko bitamin B12 a jini. Wasu kuma sinadarin kumfa na man goge baki, wanda ake rubutawa SLS, shi ke tsokano musu. Yaji, abarba da lemon tsami suna hura wutar idan gyambon ya riga ya fito. Ya ce irin wannan ba a ɗaukarsa ta kofi ko cokali, abin da ya sa na daina ware kwanona a gida.

Ya ja kunnena kan abu ɗaya: gyambon da ya wuce mako uku bai warke ba, ko mai tauri, ko wanda ya zo da zazzaɓi da rama, a bar kyamis a tafi asibiti, ballantana ga mai shan taba ko sa taba gari a baki, don sankarar baki ma da ƙaramin gyambo take farawa. Asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba yana da sashen haƙori, kuma unguwar 'yan'uwanmu ce. Farin abin da ke lulluɓe harshen jarirai kuwa wata cuta ce daban, kada a kai musu wannan ruwan, kuma yaro ƙasa da shekara 12 sai da izinin likita.

Zan sake saye, amma na mako ɗaya kawai idan gyambon ya dawo, kuma a makon zan ajiye goro. Na koma burushi mai laushi. Ragowar kwalbar tana saman kwaba inda yara ba sa kaiwa, sati biyar ke nan ban taɓa ta ba.