Na'urar Kallon Taurari: Irin ta Galileo ko ta Newton?

Malaman lise a nan Yamai sun sha tambayata wace za su saya wa ɗalibai, mai gilashi ko mai madubi.

Mai gilashi ita ce irin wadda Galileo ya haɗa a 1609, da ita ya hango watanni huɗu masu zagaya duniyar Mushtari (Jupiter) a 1610. Matsalarta, gilashi kan rarraba haske, sai ka ga gefen wata ya yi launin bakan gizo. Wannan ne ya sa Newton ya ƙera mai madubi a 1668, madubin nasa ma na jan ƙarfe da kuza ne, mai saurin dusashewa.

Wajen kuɗi, mai madubi ta fi sauƙi: da kuɗi ɗaya ka samu baki mai faɗi, taurari marasa haske su fito. Amma fa bakinta a buɗe yake, ga ƙurar hunturunmu. Ta kwanta a madubin, gogewa kuma sai da dabara, don yana karcewa. In an ɗauko ta a babur, sai an sake saita madubban. Mai gilashi a rufe take, ka share gilashin gaba ka ci gaba.

Makarantar da yara da yawa za su taɓa, mai gilashi. Mai haƙurin gyara da ke fita bayan gari kallo, ta Newton.