Gidan Sistoci a Tsakiyar Rum Ko Na Gefen Gari: Amsa Ga Mai Tafiya Ita Kaɗai

'Yar'uwa, na ga tambayarki tun jiya. Kin ce za ki yi kwana biyar a birnin Rum ke kaɗai, hankalinki ya fi kwanciya da masaukin sistoci, wato matan zuhudu na cocin Katolika, a kan otal, kuma gidaje biyu ne a gabanki: ɗaya a cikin tsohon gari kusa da dandalin Campo de' Fiori, mai ɗan tsada, ɗayan kuma can wajen titin Aurelia, mai sauƙin kuɗi, ga lambu. Na kwana a irin kowannensu, kuma ni ma ni kaɗai na je.

Kafin kuɗi, kafin hoton ɗaki, ki tambaya ƙarfe nawa ake rufe ƙofa. Waɗannan gidaje da Italiyawa ke kira casa per ferie gidajen zuhudu ne da suka ware wani ɓangare don baƙi, kuma masu gidan mutane ne da ke tashi addu'a tun da sassafe. Shi ya sa da yawa suke kulle ƙofa tsakanin goma da sha biyun dare. Wasu za su ba ki mabuɗi ko lambar buɗe ƙofa, wasu kuwa idan an rufe an rufe. Wannan sa'ar ce ma'aunin nisan gida. Gida biyu za su iya rufewa ƙarfe sha ɗaya, amma a ɗaya kina iya zama kan teburin abinci har goma da rabi, a ɗayan kuwa tun tara da rabi zuciyarki ta koma kan bas.

Na cikin tsohon gari dai ƙafarki ce motarki. Daga Campo de' Fiori, minti biyar kina dandalin Navona, kamar goma kina gaban tsohon haikalin Pantheon, ki haye gadar Sisto ki shiga unguwar Trastevere, babbar cocin San Pietro ta fadar Vatican kuwa tafiyar minti ashirin ce ko ɗan fiye. Abin da ya fi yi mini daɗi shi ne komawa ɗaki da rana tsaka. Zafin Rum a watan Yuli da Agusta ba wasa ba ne, kuma mace mai yawo ita kaɗai ba ta da wanda zai riƙe mata jaka ta huta. Nakan dawo wajen ƙarfe biyu, in cire takalmi, in buɗe tagar da ke kallon tsakar gida inda wata tsohuwar sista ke bin tukwanen fure da butar ban ruwa, in yi barcin awa guda, in sake fita da sanyin yamma. Da dare kuma titunan cike suke da jama'a, ba ki taɓa zama ke kaɗai a lungu ba. Akwai gidaje masu tsohon tarihi a wajen. A dandalin Farnese, alal misali, sistoci na karɓar baƙi a gidan da waliyyiya Birjita ta ƙasar Suwidin ta rasu a shekarar 1373.

Ba zan ɓoye miki aibinsa ba. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ba ya shiga wannan yanki. An shimfiɗa titunan da ƙananan baƙaƙen duwatsu da ake kira sampietrini, masu karya tayar akwati, ga wasu gidajen ba su da lif, sai matakala. Bas mai lamba 64 da ke tasowa daga Termini, babbar tashar jirgin ƙasa ta birnin, ya bi ta nan zuwa Vatican ya yi ƙaurin suna wajen masu yankan aljihu, don haka jakarki a gabanki, hannunki a kan zif. Sannan Campo de' Fiori kasuwa ce da safe, da dare kuwa matattarar masu shan giya, hayaniya har tsakar dare. Ki roƙi ɗakin da ke fuskantar cikin gida, ba titi ba.

Na Aurelia kuwa, gaskiya wajen barci ya fi. Shiru, bishiyoyi, ɗaki mai faɗi, galibi har da abincin dare idan kin nema. Amma yawancin gidajen wannan yanki an tsara su ne don ayarin masu ziyara da ke zuwa a babbar mota, a kwashe su da safe a dawo da su da yamma. Ke ba ki da wannan motar. Layin A na jirgin ƙarƙashin ƙasa zai kai ki tashar Cornelia ko Battistini, daga nan sau da yawa sai kin jira bas, daga inda bas ya ajiye ki kuma sai kin taka.

Wannan takawar ta ƙarshe ita ce abin da taswira ba ta nunawa. Wani dare na makara a cikin gari, domin gidajen abinci a Rum ba su cika buɗewa da dare kafin bakwai da rabi ba. Na iso Cornelia goma da 'yan mintuna, na tsaya jiran bas har ƙafata ta yi sanyi. Da ya sauke ni, sai ga ni a gefen wata doguwar katanga, babu shago, babu mai wucewa, fitila ɗaya nan ɗaya can, motoci na wucewa a guje. Na isa ƙofa saura minti biyar a rufe, na danna ƙararrawa hannuna na rawa. Babu abin da ya same ni, kuma sistar da ta buɗe mini da fara'a ta tarbe ni, amma daga ranar na daina kaiwa dare a gari. Kwana uku na rasa Rum ta dare, wadda ita ce rabin kyawun birnin. Ki ƙara da yajin aikin ma'aikatan sufuri, wanda ba baƙon abu ba ne a Italiya kuma yakan faɗo ranar Juma'a. A tsakiyar gari ba za ki ma ji an yi shi ba, a Aurelia kuwa tasi za ki nema, kuma tasi biyu ko uku sun isa su cinye rarar da kika yi murnar samu.

Saboda haka, a kwana biyar, ke kaɗai, zuwan farko, ni dai na tsakiyar gari zan ɗauka ko da zan rage kuɗin tsaraba. Na Aurelia sai ga wadda ta san birnin, ko wadda hutu da kaɗaici ta je nema, ko mai zaman mako biyu.

Akwai na uku da ba ki ambata ba: gidajen da ke kusa da cocin Santa Maria Maggiore, inda aka binne Fafaroma Francis a shekarar 2025. Tashar Termini na kusa, inda layin A da B suka haɗu, kuma jirgin Leonardo Express yana kawo ki daga filin jirgin sama na Fiumicino cikin minti 32 ba tsayawa. Idan abincin halal kike nema, unguwar Esquilino da kasuwarta na nan gefe. Sai dai bakin tashar kansa ba wurin yawon dare ba ne, ki zaɓi gidan da ya fi karkata wajen cocin. Af, tunda an zo nan: ba a taɓa tambayata addinina a ɗayan gidajen ba, ba a kuma tilasta wa baƙo shiga addu'a. Karɓar baƙo tsohuwar al'adarsu ce, tana cikin dokar da waliyyi Benedict ya rubuta wa masu zuhudu na Kirista tun ƙarni na 6. Abin da suke so shi ne sutura ta mutunci da rage murya.

Idan za ki rubuta musu, ki yi gajerun jimloli, don ba kowace sista ke jin Turanci ba. Ki tambayi lokacin rufe ƙofa da ko ana ba da mabuɗi, ko banɗaki na cikin ɗaki ne, ko akwai na'urar sanyaya ɗaki da lif, da ko suna karɓar kati, domin harajin kwana na birnin daban ake biyansa, wasu gidajen kuma tsabar yuro suke so. Ki faɗa musu lokacin saukar jirginki, saboda ba kowane gida ke da mai zama a ƙofa dare da rana ba, kuma ki riƙe fasfo a kusa, shi za su fara nema. Idan tafiyarki ta faɗo makon Ista, ki aika wasiƙar yau.